Yaya zan koyar da yara tarihin gidansu ba tare da gorin asali ya shigo ba?

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare da ke Fagge a Kano, kuma ajina ya haɗa 'ya'yan Hausawa da Fulani da Barebari da Yarbawa da Ibo. Na ba su aikin gida cewa kowa ya tambayo sunayen kakanninsa da garin da suka taso, amma washegari darasin ya rikiɗe ya zama gori, har wani yaro ya kira abokin zamansa baƙo. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam, Malama. Kuskuren shi ne an fara da yaro, alhali da gari ya kamata a fara. Ki rubuta musu sunayen unguwannin cikin birni a allo: Ayagi, inda Yarbawa suka daɗe da zama, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, sannan ki tambaye su dalilin waɗannan sunaye. Ki ƙara musu da labarin Wangarawa, waɗanda suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Yaron da ya gane cewa Kano ta ginu ne da masu zuwa, bakinsa zai yi nauyi wajen kiran wani baƙo. In hukumar makaranta ta yarda, ki kai su Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi na Kano, domin abin da ido ya gani ya fi zama.

Wata uwa: Baba, shawararka ta yi kyau, amma akwai abin da ya fi damuna. A kowane aji ba a rasa maraya ko ɗan riƙo, akwai kuma gidajen da bauta ta taɓa tarihinsu, waɗanda ba sa son a tona. Malama, ki daina neman jerin kakanni. Ki ce kowane yaro ya kawo abu guda da ya koya wurin wanda ke riƙonsa, ko sana'ar gado ce kamar ƙira da jima da wanzanci, ko girki irin su burabusko da amala, ko tatsuniya, ko yadda ake gaida manya da harshen gidansu.

Malamin tarihi: Ni zan ƙara da wasan barkwanci, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, domin dabara ce da magabata suka bi wajen sanyaya zama.

Tsohon hedimasta: Malam, a nan ban bi ka ba. Manya sun san iyakar wasan, amma ɗan shekara 9 kalmar “bawana” kawai zai riƙe, kuma da ita zai fita tara. A bar shi sai sun je sakandare.