Tun da ta haihu kamar an canza min mata, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Matata ta haihu wata uku ke nan, haihuwar fari. Ta yi wankan gida a Yakasai, bayan arba'in ta dawo ɗakinta a Rijiyar Zaki. Mace ce mai hira, a da in ta fara ba ni labarin 'yan layi har barci nake yi ba ta gama ba. Yanzu sai in taso daga Kantin Kwari da magariba in tarar da ita a bakin gado cikin duhu, abincin rana yana nan a kula ko buɗewa ba ta yi ba. Yaro na kuka, ita ma tana hawaye. In na tambaya ta ce ba komai. Ko yaron ya yi barci ita idonta biyu har asuba. Shekaranjiya ta ce min, "Da ma ka auro wadda za ta iya riƙe maka shi, ni ba ni da wani amfani." Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Hajiyarmu ta ce iska ce ta shige ta lokacin jego. An yi ruƙiyya sau biyu, an yi hayaƙi, ban ga sauyi ba. Abokina ya ce in kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, ni kuma tsorona kada danginta su ce na mai da musu 'ya mahaukaciya. Me kuka gani?

Wani daga Kurna:
Malam ka dage da karanta Baƙara a gidan. Sannan ka binciki kanka, ko akwai abin da kake yi mata.

Wata malamar jinya:
Ɗan'uwa, ba a gane ciwo ta waya, amma abin da ka zayyana ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Mata da yawa kan yi 'yan koke-koke a kwanakin farko, wannan yana wucewa cikin sati biyu. Wanda ya kai wata uku, ga rashin ci, ga rashin barci, ga ganin kai ba a bakin komai ba, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na masu jego suna fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa ma ya kusa 20. Sinadaran da ke riƙe da ciki suna sauka gaba ɗaya bayan haihuwa, ga raino ba hutu. Ba rashin imani ba ne, ba kuma ƙin yaron take yi ba.

Ku fara da asibitin da ta haihu, a duba ko jininta ya yi ƙasa, a kuma gwada halittar wuya da ke kawo maƙoƙo, don su ma suna sa kasala da damuwa. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma na Dawanau. Akwai maganin da mai shayarwa ke sha, sai dai yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi sai likita ya ce. Kada ka saya mata maganin barci a kemis.

Abu mafi muhimmanci: yau ka zauna ka tambaye ta kai tsaye, cikin lallashi, ko tunanin cutar da kanta ko yaron yana zuwar mata. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta ce eh, ko ka ga tana jin muryoyi, ko tana maganar da ba kan gado, kada ka jira gari ya waye, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Wata Hajiya daga Gwammaja:
Ɗana, ka taka da ƙafarka ka sami mahaifiyarta, kada ta tsinci maganar a bakin wani. Ka ce mata za ku je a duba lafiyar 'yarta, ta shirya ku tafi tare. Uwar da ta ji bayani daga bakin likita ita za ta rufe bakin dangi. Kuma a turo mata ƙanwa ta riƙa karɓar yaron da dare. Mai jego ba barci ai ko lafiyayya ce sai ta zautu.

Wata da abin ya taɓa samu:
Ni na yi shi a haihuwata ta biyu. Ji nake kamar an kifa min turmi a ƙirji. Abin da ya fi ci min rai shi ne masu zuwa barka su ce, "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Wallahi ina godewa, kukan ne ba ya tsayawa, sai in ƙara ganin kaina a matsayin butulu. Don Allah kada ka faɗa mata wannan maganar. Maigidana bai iya lallashi ba, amma yakan ɗauki yarinyar ya fita tsakar gida in samu awa biyu. Na sha magani wata takwas, ban bar azkar ɗina ba ko rana ɗaya. Yarinyar yanzu tana aji uku.

Wani malamin Islamiyya daga Fagge:
Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ku ci gaba da addu'a, ku je asibitin. Hayaƙin dai a daina, akwai jariri a ɗakin.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta jiya da dare kamar yadda malama ta ce. Ta daɗe shiru, sannan ta ce ba ta taɓa tunanin taɓa yaron ba, amma takan ji da ma ta kwanta ba ta farka ba. Na kira surukata a daren, ta turo ƙanwar matata da sassafe, ita ma tana hanya. Yau ban buɗe shago ba, jiranta kawai muke ta iso mu wuce asibitin.