Masanyayin firosesa ya ƙi zama saboda ƙarfen SSD, ya zan yi?

Mai Bidiyon Biki ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan la'asar nake zaune a kan tabarma da sukurudireba a hannu, ga shi har an idar da isha'i ban kunna kwamfutar nan ba. Sana'ata haɗa bidiyon biki a nan Kano, laftof ɗina kuma ta gaji da fayilolin 4K, shi ne na yi wata bakwai ina tara kaya ɗaya bayan ɗaya: firosesa Ryzen 9 7900X, madabod mai cifset B650 wanda raminsa na M.2 na sama, inda ake sa SSD, PCIe 5.0 ne, wato Gen5, SSD (ma'ajiyar fayiloli) mai terabait 2 na Gen5, da ƙaton masanyayin iska mai hasumiya biyu.

Da yake na sha jin cewa SSD na Gen5 zafi gare shi kamar kaskon masa, sai na ajiye shimfiɗaɗɗen ƙarfen sanyaya SSD da ya zo da madabod a kwali, na sayi wani dogo mai bututun tagulla da 'yar fanka. Na auna shi da rula, ya ɗan haura santimita 4. Yanzu in na ɗora masanyayin firosesa, gefensa na ƙasa yana hawa kan wannan ƙarfen, ƙusa ɗaya ta shiga, ɗayar tana lilo a sama. In na danna da ƙarfi ina jin za ta kama. In danna, ko in lanƙwasa siraran fukafukan masanyayin da filaya? Mayar da kaya ba zai yiwu ba, wani ne ya taho min da su daga waje.

Oga Mai Gyara:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye filayar nan tukuna. Kada ka danna. In ƙusa ɗaya ta kama da ƙyar, to gindin masanyayin a karkace zai zauna a kan firosesa, gefe ɗaya ya matse, gefe ɗaya iska. 7900X kuwa wat 170 aka rubuta mata, kuma ko da zama mai kyau tana iya kai wa digiri 95 in aiki ya yi nauyi. Ban da wannan, duk nauyin da ya ƙi sauka kan firosesa a kan SSD ɗinka zai sauka, shi kuwa ɗan siririn allo ne mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, ƙusa ɗaya ce tak ke riƙe da wutsiyarsa. Na taɓa karɓar wanda ya lanƙwashe kamar ayaba a shagona, mai shi yana rantsuwa shi bai yi masa komai ba.

Ga tambaya: ƙarafunan nan biyu da ake fara ɗaurawa a madabod, ramuka nawa gare su? Ina tambaya ne saboda a firosesocin AM5, irin taka, ƙwayoyin da suka fi zafi ba a tsakiya suke ba, sun karkata wajen ƙasa, wato wajen katin girafik. Shi ya sa Noctua mai ƙera masanyayi, misali, ta fito da ƙarafunan da ke gusar da masanyayi milimita 7 zuwa ƙasa. Ribar digiri 1 zuwa 3 ce a faɗarsu. Amma ka lura da inda milimita 7 ɗin take tafiya: kai tsaye kan ramin M.2 na sama. In naka yana da zaɓi biyu kuma ka ɗaura a na gocewa, mayar da shi tsakiya ka sake gwadawa. Sai ka goge man da ka shafa wa firosesa ka sa sabo, tunda ka ɗaga ka sauke ya fi a ƙirga.

Ɗan Samaru:

Ni dai da ni ne, sauke SSD ɗin zan yi zuwa rami na biyu, can ƙasan katin girafik, in huta. Dogon ƙarfenka ya zauna, masanyayi ya zauna, kowa ya kama gabansa.

Oga Mai Gyara:

Ɗan Samaru, ka ba shi shawarar da za ta cinye masa kuɗi. Ramin sama ne mai layukan Gen5 daga firosesa. Na ƙasa a irin waɗannan madabod ɗin yawanci Gen4 ne, wani ma ta cifset yake bi, shi kuma cifset B650 hanyarsa zuwa firosesa PCIe 4.0 ce mai layi 4, yana raba ta da USB da sauran tarkace. Abin da ya saya don ya ba shi megabait 10,000 zuwa sama a daƙiƙa zai tsaya wajen 7,000. Kuma dogon ƙarfe mai santimita 4 a ƙarƙashin katin girafik ai ko shiga ba zai yi ba, in ramin a inuwar katin yake.

Ɗan Samaru:

Na yarda da batun katin, Oga. Amma tsakani da Allah, wa zai gane bambancin 7,000 da 12,000 yana yankan bidiyon kamu? Katin kyamarar da yake kwaso fayil daga ciki ko megabait 300 bai cika yi ba.

Yar Kwamfuta:

Salamu alaikum. Malam, ni tambayata ɗaya ce: me ƙarfen madabod ɗin ya yi maka da ka kai shi kwali? Masu madabod sun ƙera shi ne da sanin cewa masanyayi da katin girafik za su kewaye shi, shi ya sa yake kwance. Kuma fankar tsakiya ta masanyayi mai hasumiya biyu tana leƙowa ƙasan fukafukai, tana ɗan hura wa wurin iska kyauta. 'Yar fankar nan ta dogon ƙarfenka kuwa, bari hunturu ya shigo da ƙurarsa, za ka ji tana kuka kamar sauro a kunne.

Gaskiya ne SSD na Gen5 ba a barinsa tsirara, in ya yi zafi da yawa rage gudu yake yi da kansa. Amma ba ko da yaushe yake cikin wannan zafin ba, sai an daɗe ana zuba masa manyan fayiloli ba tsayawa. Sa ƙarfen madabod, ka ɗauko manhajar duba zafi, HWiNFO ko CrystalDiskInfo, ka kwafi fayil mai gigabait 100 da rana tsaka, ka ga abin da zai nuna. Yawancinsu digiri 70 ne iyakar da aka rubuta musu na aiki. Ka kuma duba katifar nan mai laushi da ke manne a ƙarƙashin ƙarfen, akwai siririyar leda a kanta, sai an ɓare. Sannan ka gama ɗaure SSD kafin ka ɗora masanyayi, don bayan ya zauna hannunka ba zai kai ƙusar ba.

Mai Bidiyon Biki:

Allah ya saka da alheri, Oga, ka canka daidai. Ramuka biyu ne, kuma a na gocewar na ɗaura, don hoton farko da na gani a takardar ke nan. Na mayar tsakiya, fukafukan sun daina taɓawa, amma wayar da ke riƙe fanka tana gogar ƙarfen, ko katin ATM ba ya wucewa tsakani. Hankalina bai kwanta ba, sai na bi maganar Hajiya na ɗauko na kwali. Ledar tana nan kuwa, shuɗiya, da ba ki faɗa ba da haka zan rufe ta. Yanzu ƙusoshin biyu sun shiga ba gardama, kwamfuta ta tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare. Da hantsi na kwafi bikin makon jiya gaba ɗaya, SSD ya tsaya a digiri 66. Sai dai yanzu damina ce, zan sake aunawa a watan Afrilu. Dogon ƙarfen yana nan da fankarsa, ko minti ɗaya bai yi aiki ba. Ɗan Samaru, in kana so yi min magana, zan rage maka.