Taron manhaja mai 'yanci: OBS ko Voctomix, kuma mu watsa kai tsaye ko mu naɗa kawai?

Sadiya_K: Assalamu alaikum. Taro ne na kwana 2, ɗakuna 2, awa 8 kullum. Masu sa kai mu 4 ne, kowane ɗaki kyamara ɗaya da majigi, intanet ɗin wurin kuma na Wi-Fi ne. Don ɗaukar bidiyon jawabai, mu dogara da manhajar naɗa da watsa bidiyo ta OBS a laftof, ko mu kafa Voctomix, manhajar haɗa hoto da sauti irin ta taron DebConf na masu Debian? Kai tsayen ma ya zama dole?

Garba_Lantarki: Wa alaikumus salam. Ku sayi na'urar sauya hoton kyamarori ta ATEM Mini, ku haɗa kyamarori 3, magana ta ƙare.

Sadiya_K: Malam Garba, kyamara ɗaya na ce. Kuma taron manhaja mai 'yanci ne, ba ma son na'urar da manhajarta a rufe take.

Injiniya_Bala: Hajiya, Voctomix aikin mutanen C3VOC ne na Jamus, masu ɗaukar bidiyon taruka, kuma an yi shi ne don ƙungiya mai hannaye da yawa: ɗaya a kyamara, ɗaya a sauti, ɗaya yana sauya hoto. Ku mutum 2 ne a ɗaki, kuma dole wani ya fita salla ko cin abinci. Ku ɗauki OBS. Ku naɗa a 8 Mbps, wato gigabait 3.6 a awa, awa 32 kusan gigabait 115. Watsawa a 720p tana son kamar 3 Mbps a kowane ɗaki, ta kebul ɗin intanet. Wi-Fi da safe lafiya lau, jama'a na cika ɗaki zai durƙushe.

Rabi'u_Sauti: Duk kun tsallake abin da ke kashe aiki. Hoto mai dishi-dishi ana haƙuri da shi, sauti marar kyau ba mai saurara. Ga yadda ɓarnar ke faruwa: an jawo waya daga mikisar ɗaki zuwa laftof, laftof na caji a wani soket daban, sai wani gurnani ya shiga ƙarƙashin muryar mai magana. A lasifikar ɗaki ba a ji. Mai kula da OBS yana kallon koren layi na tsalle, yana zaton komai daidai, alhali babu belun kunne a kansa. Sai an tashi taro a buɗe fayil a tarar da jawabi 14 duk da gurnani, mutum ya yi wata guda yana shirya jawabinsa ya tafi a banza. Wannan abin yana ci mini rai. Maganinsa akwatin DI da ake sawa tsakanin mikisa da laftof, mai makunnin raba wayar ƙasa ta lantarki, wayar sauti ta XLR, da belun kunne da ba a cirewa. Ƙololuwar murya ta tsaya wajen -12 dB, komai a 48 kHz. Kafin farawa wani ya tafa a gaban kyamara: sauti kan riga hoto, a firam 25 kowane firam milisakan 40 ne, sai a jinkirta sautin a OBS. Kuma don Allah a naɗa fayil a tsarin MKV, ba MP4 ba. MP4 sai an rufe shi yake rubuta jadawalinsa, laftof na mutuwa fayil ya ƙi buɗuwa.

Garba_Lantarki: Rabi'u in aka kai shi kallon wata ma sai ya tambayi ina makirufo 😄

Injiniya_Bala: Don ɗauko allon mai magana, ƙaramar na'urar HDMI zuwa USB mai arha ta isa, rubutu ne ba gudu yake ba.

Rabi'u_Sauti: Arha ba ta ado. A kwali an rubuta 1080p60, a aiki USB 2 ce mai matse hoto, ƙananan haruffan tagar rubuta umarni (terminal) su narke. In ta ɗau zafi sai ta daskare. Hayar katin ɗauko hoto mai kyau na kwana 2 ta fi sauƙi.

Garba_Lantarki: Haya ta fi saye tsada in za a maimaita taron baɗi. Shekara nawa ina wannan aiki.

Injiniya_Bala: Yallaɓai, ɗaukar biki daban, wannan daban. A nan kowane minti 30 sabon laftof ake jonawa. Mai raba HDMI, wanda ke kai hoton laftof ga majigi da na'urarku, yana gaya wa laftof girman allo ta bayanin da ake kira EDID, in ya ɗauko na majigi mai 4:3 hoto ya karkace. Wani laftof kuma ya kunna HDCP, kariyar hana kwafar hoto, majigi na nunawa, naku baƙi ƙirin. A kafa EDID a 720p ko 1080p, a gwada kowane mai magana lokacin hutu, a ajiye adaftar USB-C.

Maman_Ilham: Ni damuwata bayan taro ce. Kowa na son riƙe kyamara, ba mai son zaman yanka bidiyo 30. Sai faifai ya kwana a jakar mutum ɗaya har wata 6, masu shiryawa na tambaya kamar albashi suke biyansa. Taron manhaja mai 'yanci na FOSDEM a Beljiyam na amfani da manhajar SReview: ana tura wa mai jawabi mahaɗi, shi ya gyara farko da ƙarshe ya amince. Kuma a karɓi izinin wallafawa a rubuce kafin ya hau mumbari.

Rabi'u_Sauti: Ko sunan masu bidiyo ba a kira a jawabin rufewa.

Sadiya_K: Na gode. To kai tsayen fa, in wurin ya ƙi ba mu kebul ɗin intanet?