Wai da gaske an yi wasan waƙa kan ziyarar Nixon a China?

Ɗan Zango: Salam jama'a, don Allah wa ya san opera ɗin nan Nixon in China? na ga guntun bidiyo jirgi ya sauka kan dandamali shugaban Amurka ya fito yana rera waƙa maimakon magana, abin ya ɗaure min kai wallahi

Mai Tarihi: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. John Adams ne ya tsara kiɗan, Alice Goodman ta rubuta baitocin, an fara nunawa a Houston 1987. Labarin zuwan Nixon Beijing ne a Fabrairun 1972 inda ya gana da jagoran China Mao da firaminista Zhou Enlai bayan ƙasashen sun fi shekara 20 ba sa ga maciji da juna

Uwargida: Ni inda ya fi burge ni wajen da matar Mao ta kai su kallon rawar juyin juya hali, wai mugun cikin rawar kamar Kissinger mai ba Nixon shawara kan tsaro sak, matar Nixon ta kasa daurewa ta faɗa cikin wasan don ta ceci yarinyar da ake duka

Ɗan Zango: To kiɗan fa Malam?

Mai Tarihi: Maimaici ya yi yawa gaskiya, sai mai haƙuri, fara da kashi na biyu