Abin da makanikai suka ce kan tsohuwar a-kori-kura

Hirar da aka yi a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa a Kano ta tsaya kan abu ɗaya: kafin ka sayi tsohuwar Hilux ko Peugeot 504, shiga ƙarƙashinta da guduma. Ɗan lanƙwasawar shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da bodin mota, a hanya mai gargada ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Tsatsa ce abin tsoro, musamman a motocin da aka shigo da su daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ƙwanƙwasa wajen maƙalar sifirin. In ƙarfe ya ɓarɓashe, haƙura da ita, walda ba za ta cece ka ba. In bodin Hilux ne ke rawa, duba robobin da ke tsakaninsa da shasi tukuna. Bayan damina kuma a wanke taɓon ƙasa.