Ina son gwada Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina, ta ina zan fara?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da laftof mai RAM 4GB, Windows 10 ce a kanta. Tun da aka daina turo mata gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, ita kuma Windows 11 ba ta hawa na'urar da ba ta da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta), irin tawa. Laftof ɗin lafiyarta ƙalau wallahi, batirinta ma yana riƙe caji, ban ga dalilin jingine ta ba. Ƙanena ya ce in saka Linux Mint a madadin Windows, wai kyauta ce kuma ta yi kama da abin da na saba. Aikina bai wuce buga takardu, ɗan lissafi a Excel da shiga intanet ba. Abin da nake tsoro shi ne hotunan yarana su salwanta, sai kuma baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki.

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki goge komai tukuna. Ki nemi filashi mai 8GB wanda babu abin da kike so a ciki, ki sauke Mint daga shafinsu, ki ɗora ta a kai da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Sai ki kunna laftof ɗin ta filashin. Don zaɓar filashin yayin da take kunnuwa, a wasu na'urori F12 ake dannawa, wasu F9 ko Esc. Mint za ta buɗe gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa Windows ɗinki ba. A nan za ki yi gwajin gaske: ki haɗa Wi-Fi, ki saurari sauti, ki kunna kyamara, ki jona firinta ki buga shafi ɗaya. Za ki ga tana ɗan nauyi, daga filashin ne. Mint iri-iri ce: da RAM ɗinki nau'in Cinnamon za ta yi, amma ni nau'in Xfce zan zaɓa miki, ta fi sauƙin ɗauka. Mint 22 a kan wata Linux mai suna Ubuntu 24.04 aka gina ta, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029.

Malam Sani Mai Gyara:
Abin da Injiniya ya faɗa haka ne, sai dai a gaya mata gaskiya: babu Word da Excel a ciki, LibreOffice ce take zuwa da ita. Tana buɗe takardun Word da Excel (docx da xlsx), amma takarda mai tebur da yawa wani lokaci layukanta kan goce. Ki buɗe takardunki mafi rikitarwa tun a lokacin gwajin. Wanda za ki tura wa don ya karanta kawai, ki mayar masa PDF.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada daren jiya, komai ya yi, har firintar ta gane da kanta. To baƙin allon fa?

Injiniya_B:
Ba dole ba ne. Manhajoji ta Software Manager ake saka su da danna linzami, gyaran tsaro kuma wata 'yar garkuwa ce za ta bayyana a ƙasan allo ta sanar da ke. Kafin ki girka, ki kwashe hotunan zuwa wani faifai na waje, ki buɗe su a can ki tabbatar sun kwafu. Timeshift da za ki gani tsarin na'urar take adanawa, ba ta ɗaukar hotuna da takardu sai an saita ta.