"Da babu gara ba daɗi": ta zauna wa Amurkawa a 1943 kuwa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar da na kawo mana yau kowa ya san ta: "Da babu gara ba daɗi." Ina so mu gwada ta a kan mutanen da ke nesa da mu, mu ga ko za ta zauna musu. Ina nufin mutanen gida a Amurka a shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

Tun da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, a Disambar 1941 kaya suka fara wuya. Taya aka fara ƙayyadewa, domin Japan ta kame Malaya da tsibiran da roba ke fitowa. A Fabrairun 1942 aka daina ƙera motocin hawa, masana'antun suka koma ƙera tankoki da jiragen yaƙi. Sukari ya shiga rabo a watan Mayu, rabin laba ga mutum ɗaya a mako. Kofi ya biyo baya a Nuwamba, laba ɗaya a mako biyar. Mai motar da ba ta aikin dole galan 3 zuwa 4 na fetur yake samu a mako, an kuma hana gudun da ya wuce mil 35 a awa don kada tayoyi su cinye. Da 1943 ta kama sai abin ya kai ga takalmi, ƙafa uku a shekara, a watan Maris kuma abincin gwangwani da nama da man shanu da cuku. Ko da kuɗinka a hannu, mai kanti ba zai ba ka ba sai ya yagi kan sarki daga littafin rabonka. Hatta kwabonsu na wannan shekarar da baƙin ƙarfe aka buga shi, tagullar ta tafi wajen harsashi.

Ni a ganina, in da mutanen nan sun ji Hausa, wannan karin maganar za su riƙa faɗa kullum a bakin murhu. Me kuka gani?

Maman Hafsat:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ta fuskar girki zan duba. Da man shanu ya yi wuya, matan suka koma wa majarin. A lokacin fari fat ake sayar da shi, da ɗan ƙunshin kala a gefe, uwargida ta zuba a kwano ta yi ta murzawa har ya yi rawaya ya ɗauko kamar man shanu. Ta san ba shi ba ne, yaran ma sun sani, amma an shafa a burodi an ci. To wannan ai shi ne "ba daɗi" ɗin, kuma ya fi babu. Kitsen da ya rage a kasko ma ba a zubarwa, a gwangwani ake tarawa a kai wa mahauci ya biya 'yan kuɗi, daga nan a kai shi inda ake haɗa abin fashewa. Ga lambuna a bayan gida da filayen makarantu, kusan miliyan 20, har matar shugaba Roosevelt ta sa aka yi ɗaya a farfajiyar fadar shugaban ƙasa. Duk macen da ta taɓa riƙe gida da ɗan abin da bai kai ba ta san ma'anar maganar nan ba sai an fassara mata ba.

Ɗan Zazzau:
Malam, Hajiya, ku yi mini afuwa, ban yarda ba. Karin maganar nan ƙafa biyu gare ta, "babu" da "ba daɗi". Kafin mutum ya faɗe ta da gaskiya, sai babun tana tsaye a ƙofarsa yana ganinta. Wace babu ce ta tsaya a ƙofar Ba'amurke a 1943? A wannan shekarar ce yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Bengal ta ƙasar Indiya. A Leningrad ta Rasha an kewaye gari mutane na faɗuwa a titi. A Amurka kuwa a Janairun 1943 gwamnati ta hana sayar da burodi yankakke, matan gida suka yi ta ƙorafi, ba a kai wata biyu ba aka janye dokar a farkon Maris. Wanda damuwarsa ita ce zai yanka burodi da hannunsa, da wane baki zai ce da babu gara ba daɗi?

Ku duba wani abu kuma. A 1940 kusan kashi 15 cikin ɗari na masu neman aiki a Amurka ba su da aikin yi. A 1943 abin ya sauko ƙasa da kashi 2. Magidancin da ya shafe shekaru goma yana gararamba ya samu albashi, matarsa ma ta samu, miliyoyin mata suka shiga masana'antu. Talakawa da yawa sai a lokacin rabon ne suka fara cin nama a kai a kai, tunda yanzu akwai kuɗin saye kuma an ƙayyade farashi. Ni karin maganar da na ga ta dace da su ita ce "Gaba ta kai ni, gobarar Titi."

Tela Mai Keke:
Ni kuma da "Tilas ba ta rasa ɗakin kwana" zan tafi. Ai ba zaɓi aka ba su ba, doka ce. Hatta tsawon siket da yawan aljihun riga sai da gwamnati ta sa wa iyaka don a rage cin yadi. Safar mata ta nailan ta ɓace daga kanti saboda ana ɗinka lemar sauka daga jirgi da ita, har wasu matan kan zana layi a bayan ƙafa da fensirin gira don a zaci safa ce. Mai cewa "da babu gara ba daɗi" yana da ɗan abin zaɓa a gabansa, ya karɓa ko ya bari. Su ba a tambaye su ba.

Baba Na Tudun Jos:
Ɗan Zazzau, ɗana, ka ja bakinka daga gobarar Titi. Yadda ake ba da labarin, Titi kaya ta rasa, jama'a suka tara mata abin da ya fi wanda ya ƙone. Ba a ce ta rasa ɗa ba. Amurkawa sama da 400,000 ne ba su dawo daga yaƙin nan ba. Gidan da ya tura ɗa fagen fama kan rataye ɗan ƙyalle mai shuɗin tauraro a taga, in labarin mutuwa ya zo a mayar da tauraron ruwan zinariya. Akwai gida ɗaya a garin Waterloo na jihar Iowa, gidan Sullivan, da 'ya'ya maza biyar suka mutu a nutsewar jirgin ruwa ɗaya a Nuwambar 1942. Ka je ka ce wa uwarsu gaba ta kai ta saboda albashi ya ƙaru? Lissafin ƙasa daban, lissafin uwa daban. Karin magana in an ɗora ta a kan al'umma guda, sai an tuna akwai wanda za ta taka a cikinsu.

Kuma kada mu yi zancen kamar labarin wata duniya ne. Faɗuwar Malaya da ta hana Ba'amurke taya, ita ce ta hana Ingila kuza, shi ya sa daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan kuza na nan Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ɗan Zazzau:
Allah ya ƙara girma Baba. Zancen uwayen nan ba ni da ja a kai. Amma a kan sukari da takalmi ina nan a kan bakana, ƙarancin jin daɗi suka gani, yunwa ba ta leƙa su ba. Kuma haƙurin ma ba kowa ya yi ba. Kasuwar bayan fage ta nama da ta fetur ta yi ƙarfi, an buga jabun takardun fetur, mahauta na ajiye tsoka a ƙarƙashin tebur don mai ƙarin kuɗi. Mai hali bai ci "ba daɗi" ba, ya zagaya ta baya ya sayi mai daɗin.

Hajiya Ta Michigan:
Sannunku da ƙoƙari. Ina zaune kusa da Detroit, kuma wata tsohuwa maƙwabciyata, baƙar fata ce, ta taɓa fito mini da littafin rabon mahaifiyarta. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, takardar ta yi ja don tsufa. A bangon an rubuta sunan mai shi da shekarunta da inda take zaune. A ciki ga kan sarki jere, ja na nama da mai, shuɗi na gwangwani, kowanne da harafi da lamba, 8 ko 5 ko 2 ko 1. Harafin ke nuna lokacin da zai yi aiki, lambar kuma makin da yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya maki 48 yake da shi na gwangwani a wata, na nama 16 a mako. Ba a yarda ka yago shi daga gida ba, sai a gaban mai kanti. Na juya shafukan na ga wasu shuɗayen ba a taɓa su ba. Na tambaye ta dalili, ta ce makin yana nan, kuɗin sayen ne wani lokaci babu.

Abin da nake so in ƙara a muhawarar shi ne, wa ke faɗin maganar, kuma wa ake faɗa wa? Baƙaƙen fata sun yi ta tahowa daga kudu zuwa Detroit neman aiki a masana'antun yaƙi. Sun samu aikin, amma mafi wahala da ƙarancin albashi, gidajen haya kuma an killace musu unguwa ɗaya cunkus. A farkon Yunin 1943 dubban fararen ma'aikata a kamfanin Packard suka ajiye aiki don kawai an ƙara wa wasu baƙaƙe uku matsayi. Ranar 20 ga watan tarzoma ta ɓarke a garin, aka kashe mutum 34, 25 daga cikinsu baƙaƙe, sai da aka turo sojoji. Duk lokacin da suka yi kuka, amsar da suke samu ita ce su yi haƙuri ana yaƙi, ai gara wannan da zaman banza. Ma'anar karin maganarmu ke nan, amma daga bakin wanda ya ƙoshi. Jaridarsu ta Pittsburgh Courier tun 1942 ta ƙi karɓar wannan, ta ce nasara biyu suke nema, ɗaya a waje ɗaya a gida.

Ni a wurina maganar tana da kyau in mutum ya faɗa wa kansa, ko uwa ta faɗa wa 'ya'yanta alhali ita ma abin da za ta ci ke nan. In mai rabo ne ya faɗa wa wanda ya tauye wa kaso, ta zama abin toshe baki.

Tela Mai Keke:
Hajiya, ai ko a nan haka ne. Mai gida ya biya yaron shago rabin haƙƙinsa ya ce masa da babu gara ba daɗi. Na sha ji, kuma ba ta taɓa yi mini daɗin ji ba.

Malamin Tarihi:
Hajiya ta buɗe wata ƙofa. Ga waɗansu mutanen kuma da ban ambata ba da farko. A Fabrairun 1942 Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta sa aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yamma, kashi biyu cikin ukunsu haifaffun Amurka ne, aka zuba su a sansanoni cikin waya mai ƙaya. Abin da hannu zai iya ɗauka kawai aka bari su tafi da shi, gonaki da shaguna suka salwanta. Shekarar 1943 a can ta same su. A sansanin Manzanar na Kalifoniya sun yi noma a busasshiyar ƙasa, sun buɗe makarantu, sun shirya wasan ƙwallo. To wanda ya gyara ɗakin katako a sansani ya shuka fure a ƙofa, in ya ce da babu gara ba daɗi, haƙuri ne ko sallamawa? Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafararsu ta kuma amince za ta biya kowane mai rai dala 20,000.

Maman Hafsat:
Malam, ni ban ga sallamawa a nan ba. Yaro dole ya yi karatu ko a ina aka tsare uwarsa, kuma dole a ci abinci. Matar da ta share ɗakin ta shuka alayyafo ba ta ce an yi mata daidai ba, kuma 'ya'yan da aka raina a sansanonin ai su ne suka girma suka bi haƙƙin har aka biya. Ɗan Zazzau, kai da ka ce sai an ga babu a ƙofa, su waɗannan da aka raba da gida da gona ka sa su a wane layi?

Ɗan Zazzau:
Su kam sun ga babu da idonsu, Maman Hafsat, ba na musu. Masu kukan burodi yankakke ne har yanzu ban ba su ba.